Ragon Kaka

In na ji dif-dif ɗin masu motsa jiki suna wucewa ta ƙofar gidana a Gumel da sassafe, sai na tuna babanmu da ragon kaka.

Ina 'yar firamare a Ɗanzomo likita ya ce wa baba ciwon suga ya kama shi, in bai riƙa ɗan gudu kullum ba, magani kaɗai ba zai riƙe shi ba. To, a garinmu magidanci mai furfura ba ya gudu sai in gobara ta tashi. Amma in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Lokacin ɗari abin ya zo masa da sauƙi. Bayan sallar asuba kowa ya shige ɗaki jin ɗumi, shi kuwa ya lulluɓe da mayafi ya bi bayan gari, ya dawo da ɗan gumi ba wanda ya gan shi. Jikinsa har ya fara murmurewa.

Da bazara ta shigo, maza suka koma kwana a waje. Duk lungun da ya bi, akwai tabarma da idanu. Don kunya sai ya mai da gudun tsakar rana, lokacin da ko akuya inuwa take nema. A rana ta uku aka kawo shi a amalanke, leɓe a bushe, ba ya gane kowa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Aka yi ta yayyafa masa ruwan randa. Da ya farfaɗo, kaka, mahaifiyarsa, ta ce, "Kai za ka kai ni makwancina, ba ni zan yi zaman makokinka ba."

Da ya warware, ta sa ni na kwance ragonta da sanyin safiya na buɗe masa ƙofa, sannan ta ce baba ya kamo mata shi. Wa zai yi wa mutum dariya don ya bi ragon uwarsa? Albarka ma aka riƙa sa masa. Kullum igiyar nan sai ta kwance. Maƙwabta sun gane sarai, ba wanda ya tanka.

Yanzu dattawa na gudu a titi da takalmin kambas, ba rago ba kunya, abin yana faranta min rai. Baba yana nan da ransa, har yana bin jikoki da sanda. Ragon kuwa tsufa ya kashe shi. Duk layyar da aka yi zancen yanka shi, sai baba ya ce, "Wa ke yanka likitansa?"