Allurar Ba'ana a Firizar Hajja Fanna

Duk unguwar Abbaganaram babu wanda bai san ƙanƙarar Hajja Fanna ba. Shekara goma sha biyu tana sayar da ita, tun zamanin janareta mai tari har Allah ya hore mata sola. Mace ce mai tsabta, ga baki. Ka taɓa murfin firizarta ba ka wanke hannu ba, ranar sai ka ji tarihin gidanku.

Mijinta Ba'ana tela ne, kuma ciwon suga ya daɗe da kama shi, kullum sai ya yi wa kansa allurar insulin. Da can ta Turai yake saya, kwalba ɗaiɗai saboda tsada, ya jingina ta a gindin randa har ta ƙare. Kwatsam sai ga wata daga Indiya ta shigo kasuwa da sauƙi. Rhoda mai kemis, 'yar Biu, ta ce aikinsu ɗaya, masu yin ta ne suka yawaita a duniya, nan gaba ma sauƙin ƙaruwa zai yi. Ba'ana ya sayi ta wata uku a tashi ɗaya. Rhoda ta ce a ajiye a wuri mai sanyi.

To, Fanna za a koya wa sanyi? Ta naɗe kwalaben a leda, ta cusa su can ƙasan firiza, inda ko kwastoman da ta fi ji da shi ba ya samu. Kullum da safe ta ciro ɗaya, ta narkar a tafin hannunta, ta miƙa masa.

Wata biyu ana haka, Ba'ana sai ramewa, ga ƙishirwa. Idonsa ya fara hazo, har ya kasa zura zare a keke. Tsoro ya kama Fanna sosai, don tela ba ido ai ya tashi daga aiki. Ta yafa gyale ta nufi kemis da kwalba a hannu.

"Wushe, Hajja," in ji Rhoda.

"Riƙe gaisuwarki. Maganin arhan nan naku zai makantar min da miji."

Rhoda ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta a haske. "A ina kike ajiye ta?"

"A firiza mana. Har ƙanƙara take yi, ba na wasa da ita."

Rhoda ta jawo mata kujera. "Hajja, wannan ba kamar ƙwaya ba ce. In ta daskare ko sau ɗaya, ta lalace. Laifina ne, na ce sanyi, ban ce kada ta daskare ba."

Fanna ta zauna. Bakin nan da ba ya mutuwa, ranar ya mutu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, don da hannunta ta yi, kuma don so ta yi.

Aka canza kwalabe, aka kai Ba'ana asibiti. Jikinsa ya dawo, idon dama ya washe kaɗan, na hagu kuwa likita ya ce sai haƙuri. Ba'ana bai taɓa ɗaga mata maganar ba.

Har yau yana ɗinki. Kafin ta buɗe firiza da safe, sai Fanna ta tsuguna gaban keken ta zura masa zare. Ya sha cewa ta bari wani ya yi, ga masu sayen ƙanƙara suna jira a ƙofa.

"Su jira," take cewa.