Anti Kala-kala da Kwanon Maɓallai

Ƙarfe bakwai saura kwata take shiga ƙofar makarantar, jaka a kafaɗa, wata babbar leda a hannu tana ƙara. Maigadi ya daɗe da daina tambayar abin da ke ciki: murafun kwalabe ne, da maɓallan riguna, da ƙyallayen da tela ya share daga ƙarƙashin kekensa. Abin da jama'a ke zubarwa, ita wanke shi take yi da sabulu, ta shanya, ta kawo aji. Kafin yaro na farko ya iso, ta ja ƙananan kujeru jikin bango, ta ɗaura igiya daga wannan taga zuwa waccan, ta jera kwanduna huɗu a tsakiyar ɗaki. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a rabin aji, ajin da manya ke ɗauka ba a koyon komai a cikinsa sai kuka da bin layi. A ƙarshen wannan zango za ta ajiye aiki. Yara ne suka sa mata suna Anti Kala-kala, sunan kuma ya bi ta har ofishin hedimasta.

Ban saba yabon mutum a rubuce ba. Aikin akawu na yi, inda ake sa alherin ma'aikaci a fayil a rufe, kuskurensa kuwa a buga shi kwafi uku. Yau zan saɓa wa wannan tarbiyya.

Babu wanda ya taɓa ganin matar nan a gaban allo tana cewa a maimaita "ja, ja, ja". Tafi take yi sau biyu ta ce, "Ku taɓo mini shuɗi!" Sai yara talatin su watse cikin ɗaki, kowa na neman abin da zai dafa. Wata rana hedimasta ya leƙo sanye da shuɗiyar riga. Mai shara, wadda ta ga abin da idonta, ta rantse sai da aka ɓamɓare yara goma sha ɗaya daga jikinsa. Tun daga ranar farar riga yake sawa, ita kuwa ba ta taɓa kiran fari yana kusa ba, wanda a ganina shi ne iyakar ladabin da shugaba zai nema daga na ƙasa da shi.

Akwai wasan shanya, inda yara ke rataye ƙyallaye a igiya, kowane launi da wurinsa. Akwai na zuba murafu a kwanduna. Akwai kuma ranar da take ɗaga kwalba biyu, ɗaya da shuɗin ruwa, ɗaya da rawaya, ta juye su wuri guda a hankali har kore ya bayyana, ajin ya ɗauki ihu. Wata uwa ta taɓa zuwa da ƙorafi cewa 'yarta ta zuba bular wanki a cikin lemon ƙaninta don ta nuna masa dabon Anti. Anti ta ba ta haƙuri ƙwarai, ta yi alkawarin jan kunne, sannan ta rage murya ta ce, "Amma don Allah, wane launi ya fito?"

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jikana, ɗan 'yata ta biyu, mai shekara biyar. Mahaifinsa mai gyaran lantarki ne, kuma tun yaron yana zanen goyo ya laƙaba masa Injiniya, ya yanke masa sana'a ba tare da ya shawarce shi ba. Injiniya ya iya ƙirga har hamsin, ya san haruffa, yana da tambayoyin da ke sa babba neman mafaka. Amma idan aka ce ya miƙo ja, sai ya miƙo kore, ko ruwan ƙasa. Surukina ya ɗauki abin da zafi. "Baba, a aikina wanda bai san jar waya ba, ba ya tsufa," in ji shi. Kowace yamma sai ya zube guntayen wayoyi a kan tabarma ya ce yaro ya ware. Yaro ya kasa, a ce taurin kai ne. Ya sake kasawa, wayar da ya kasa ganewa ta sauka a ƙafarsa. A hankali tambayoyin suka ƙare. Ya fara ciwon ciki kowace safiya, ciwon da ke warkewa da kansa ranar da babu makaranta.

Sannan takardar ƙarin aji ta zo. A cikinta akwai layi mai cewa "Sanin launuka", da akwati biyu kacal: ya iya, bai iya ba. Ƙa'ida ita ce wanda ya faɗi wannan layi ya maimaita shekara. Wato abokansa su wuce, shi ya zauna da ƙannensu, da sunan daƙiƙi a wuyansa tun bai san ma'anar kalmar ba.

Ke ce kika ƙi cike akwatin nan, Anti. Mako uku takardar tana jakarki, hedimasta yana aiko miki, kina cewa kina kan dubawa. Kuma dubawar kike yi da gaske. Kin lura yaron ba ya taɓa kuskuren shuɗi ko rawaya. Kin lura idan kin kira ja, yakan tsaya daƙiƙa ɗaya ya ga inda sauran suka nufa, sannan ya ruga ya riga su. Kin lura murafu kam yana ware su daidai, domin ya haddace kowanne da tambarinsa da lanƙwasarsa. Ranar da kika kawo maɓallai marasa alama, ya zauna ya zuba musu ido, hawaye na zuba, ya ce miki, "Anti, ai duk iri ɗaya ne."

Ta kira taro a ajin bayan an tashi. Hedimasta ya zo, iyayen yaron suka zo, ni ma aka tafi da ni, domin mai ritaya kamar lema yake, ana ɗaukarsa ko ba a ga hadari ba. Muka zauna a kujerun yara, gwiwa a haɓa.

"Yaron da ya haddace murfi arba'in da tabonsu ba daƙiƙi ba ne," in ji ta. "Ni ba likita ba ce, amma ina zaton idonsa ba ya raba ja da kore."

"Anti, idonsa ƙalau," in ji surukina. "Allura ta faɗi, shi ke tsinto ta."

"Allura ba ta da launi, Baban Injiniya." Ta juya ga 'yata. "Na ji an ce ta wajen uwa abin yake bi. Wannan ne mahaifinki?" Ta turo mini kwanon maɓallai. "Baba, a taimaka a ware mana."

Na gyara tabarau, na ware su cikin natsuwa da tsari, na jera su sahu-sahu kamar yadda ya dace da mutumin da ya san aiki. Da na ɗago, hedimasta yana nazarin silin, 'yata kuma ta toshe baki da gefen mayafi. Da na kai wa mai ɗakina labari, ko mamaki ba ta yi ba. "Shekara arba'in ina fitar maka da kayan sawa," in ji ta. "Ka ɗauka duk soyayya ce?"

A wurin taron kuwa, surukina bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon maɓallan, sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To duk dukan da na yi masa fa?" Can ya sake cewa, "Wa zai gaji shagona?"

"Shekararsa biyar," in ji Anti. "Bari ya iya ɗaure igiyar takalmi tukuna. Yau dai ka je ka gaya masa ba laifinsa ba ne. Daga bakinka yake son ji."

Likitan ido ya tabbatar da zatonta a cikin minti goma. Saura takarda. Hedimasta ya ce shi akwati biyu ya sani, babu na uku. Anti ta ɗauki biro ta zana na uku a gefe, ta rubuta bayani, ta maƙala takardar likita, ta miƙa masa. A iya sanina da fom, wannan ɓarna ce babba. Ban taɓa ganin ɓarnar da ta fi ta kyau ba. Ya sa hannu.

Ba ta tsaya nan ba. Ta yi wa kowane jan fensir ɗigo, kowane kore zane, ta yi wa kwanduna haka, kuma ta yi wa ajin duka, don kada a nuna yaro ɗaya da yatsa. Ciwon cikin ya tafi. Tambayoyin sun dawo, har da ƙari, Allah ya ba mu haƙuri. Injiniya ya wuce tare da abokansa.

Da ya ji za ta tafi, ya zana mata hotonta da fensiran gida, waɗanda ba su da alama. Fuskar ta fito kore shar. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Kai, har ka fi madubi kirki." Ba ta gyara masa ba.

Anti Kala-kala, uwar masu koyon gani, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya mai ɗorewa. Ku kuma malamai da iyaye, ga abin koyi, kuma bai fi ƙarfin kowa ba: kafin ku ɗaga murya ko hannu a kan yaron da ya ba da amsar da ba ita ba, ku durƙusa daidai tsayinsa, ku tambaye shi abin da shi yake gani.