Mikiyar Baba Mai Farin Bindi

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, amma har yau in tsuntsu ya gifta ta saman tekun Jidda, bindinsa nake fara kallo. Shi ya bar mini wannan ɗabi'a.

Baba ya zo aikin hajji daga Yawuri yana saurayi, bai koma ba. Ya ƙare rayuwarsa yana kankare kifi a kasuwar bakin teku, mu kuma aka haife mu a unguwar Ammariyya, Larabci ya riga Hausa zama a bakinmu. Abin yana ci masa rai.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan kai mu gaɓar teku, ya ba mu labarin wata mikiya mai farin bindi, wadda ke sunkuto kifi da ƙafa ɗaya, ta goyi wanda kewar gida ta dama ta tsallakar da shi. Labarin yana da doka. Duk wanda ya jefa kalmar Larabci a ciki, Baba zai kakkaɓe riga ya ce, "Halas, sai wata Juma'ar." Mu ce ai shi ma ya yi. Ya ce mai labari ba ya laifi.

Da na girma na gano mikiyar gaskiya ce, sai dai a ƙasashen sanyi take. Tsuntsaye masu kamun kifin da muke gani a nan wasu ne daban, ƙanana. Na nuna masa hotonta a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya ya ce, "Yo ita ma ba ta da iƙama, takardar zama, ta ina za ta shigo?" Bai sake ganin Yawuri ba.

Da zai dawo yau, ban san me zai ce ba. Inda muke zama a gaɓar teku an zagaye shi da gini. 'Yata Hadiza tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsa mini, ni kuma na bari don neman sauƙi. Na daɗe da tsoron cewa daga kaina labarin zai mutu.

Watan jiya, da cikinta na fari ya tsufa, ta ce in ba ta labarin kakanta. Na fara. Ina isowa inda mikiya ta sauko, Hadiza ta zabura ta ce da Larabci, "U ba'den?"

Na kakkaɓe zanena na miƙe. Wallahi ban shirya ba, hannuna ne ya yi da kansa.

Ta riƙo ni, ta yi ta laluben kalmomi, sannan ta ce, "Umma, sai... sai me ya faru?"

Baba bai bar gida ko gona ba, kabarinsa ma ba alama. Na koma na zauna, na ɗora daga inda na tsaya.