Rugugin Yaya Modu

Ku da kuka san yayana Modu mai gyaran rediyo, kun san ba a samunsa a tsaye. Kullum a durƙushe yake gaban lasifika, kunne manne da ita, hannu yana matsar da makirfo kaɗan-kaɗan kamar mai ɗiga wa jariri magani. Ka yi sallama, ya ɗaga maka yatsa. Sai ka jira.

Jitar nan tasa mai aiki da lantarki, wani malamin makaranta ɗan Jos ne ya bar masa da aka ɗauke shi daga Haɗeja, haɗe da kaset na kiɗan wasu Turawa masu gashi har kafaɗa. Kiɗa ne kamar aradu ta faɗa cikin garwa. Yaya ya ji, shi ke nan. Ya rantse sai ya kama irin wannan rugugin a nasa kaset, mutane su saurara su ce a ƙara.

Ran da ya sayo sabuwar lasifika daga Kano, ina tsaye ya sa reza ya tsattsaga takardarta.

Na ce, "Innalillahi! Yaya, sabuwa ce fa!"

Ya ce, "Aibinta ke nan, Falmata. Muryarta tar kamar ta amarya. Ni mai mura nake so."

Tsohuwar amfilifayarsa kuwa, na'urar nan mai ƙara ƙarfin sauti, ba ya ɗaukar sauti sai ta yi zafi jau. Matarsa Yagana ta lura, ta riƙa ɗora kwanon miya a kai. Wata rana ta zo ɗauka zai ci tuwo, ya daka mata tsawa.

"Mayar! Shi ke hana murfin na'urar kaɗawa."

"To tuwon fa, Malam?"

"A ci gaya."

Haka gidan suka ci, wallahi.

Ya zubar mini da ruwan randa ya zura makirfo a ciki, ya ce ta cika kuwwa. Ya gwada zaure, bai yi ba. Daga ƙarshe ya sa aka kwashe geron rumbun gidana, ya shige da kayansa. Makirfo ɗaya a gefen bakin lasifika, ɗaya ya rataya can sama. Kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Can ya fito yana susar ƙaiƙayi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Falmata, na kama shi."

To, kamawa ya kama, mai saurare ne babu. Mai shayi ya kunna ya kashe. Direbobin tasha suka ce rikodarsu ce ta lalace. Yaya ya rage magana.

Ana nan, da shinkafa ta fara fitar da kai, sai ga manoma daga Guri suna neman kaset ɗin. Yaya ya saka babbar riga, ya ce sai ya je ya ga masu kunne. Na bi shi, da ma 'yata tana aure can. Muka tarar da rikoda ɗaure a kan sanda tsakiyar fadama tana ruri, tsuntsayen jan-baki suna tashi kamar hayaƙi.

Yaya ya tsaya yana kallon rikodar.

Mai gonar ya ce, "Malam Modu, tun da muka kunna ko ɗaya bai sauka ba."

Yaya ya ce, "A wane wuri suka fi firgita?"

"Inda abin yake gurnani kamar raƙumi."

Yaya ya gyara rigarsa a hankali. "Nan na fi shan wuya. Kun ga, su sun lura."

Shinkafar shekarar ta tsira, mun kuma ci. Ran da Yaya ya rasu, mutanen Guri cike da mota suka zo, su suka ɗauki makararsa.

Allah ya ji ƙan Yaya Modu, ya sanyaya makwancinsa, ya jiyar da shi abin da ya fi wanda ya nema daɗi. Amin.