Kazar Iya Fingi

Ina yaro Tudun Wada sabuwar unguwa ce. Turawa ba su daɗe da yanka wa baƙi ita a bayan ganuwa ba, babanmu ya kwaso mu daga cikin birni, tare da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Iya ba Bazazzagiya ba ce. Tsagar fuskarta daban, Hausarta kuma da ɗan karkace, mu jikoki har kwaikwayonta muke yi a bayan rumbu. Matan gida suna girmama ta, amma hirarsu tsakaninsu suke yi. Bayan sallar magariba sai ka gan ta ita kaɗai a bakin murhu tana tura kara, har sai mun gama tuwo mun zagaye ta.

Kiwon kaji ne aikinta. Tana da farare, da durgu masu gajerun ƙafafu, kowace tana kiwo da irinta. Sai wata fingi guda ɗaya, mai gashi a tashe kamar ta sha dukan ruwa, wadda aka kawo mata daga Gyallesu. Duk garken da ta nufa sai an tsattsage ta. Wata rana yayata Dije ta tambayi dalili.

"Ku matso, maigidana bar wasa da wutar nan," in ji Iya, don haka take tsokanata. "A da can kaji duka gari ɗaya ne."

Wai a lokacin babu ruwan kowa da launin wani. Sai shaho ya sauka a ƙasar. Idan ya leƙo daga sama ya ga kaji iri ɗaya cunkus, idonsa ya kan rikice, ya rasa wadda zai ɗauka. Amma in akwai wadda ta fita daban, ita yake sura. Da kaji suka gane haka sai tsoro ya raba su, farare gefe, durgu gefe. Fingi ta je wurin farare, suka ce gashinta zai jawo musu shaho. Ta je wurin durgu, suka ce ta yi musu tsawo.

"To ina 'yan'uwanta?" Dije ta tambaya.

"Suna bayan dutse. Tun tana ɗan tsako aka ɗauko ta, ta manta hanya."

Sai Iya ta karkata kai, ido ɗaya a sama, yadda fingi ke yi. Muka yi ta dariya har da faɗuwa. Ita ma ta yi murmushi, ta ce mu tashi an kira isha'i.

Sai da na yi aure, ita kuwa ta daɗe da rasuwa, babanmu ya gaya mini cewa a hari aka kamo ta daga duwatsun kudu, tana yarinya. Da Turawa suka hana cinikin bayi aka ce mai son komawa gida ya koma, ba ta san inda za ta nufa ba.

Har yau in na tuna dariyar nan kunya ce ke kama ni. Na ɗauka labarin kaji take ba mu, ashe ta ga yara ne kaɗai za su zauna su saurare ta. Kaji dai tsoron shaho ya sa su, mu kuwa ban san abin da muke tsoro ba. Mun yi shekaru muna damunta da tambayoyi a bakin murhun nan, amma babu ɗayanmu da ya taɓa tambayarta sunan da uwarta ta raɗa mata.