Kumfar Yakuwa a Gidan Suna

Ranar sunan jikata a garin Sabuwa, ni da ake aiko wa takanas idan za a yi miyar taro, na tuttula ruwan kanwa cikin yakuwa tana tafasa. Kumfa ta taso fuu, ta kashe wutar, rabin miyar ya bi toka. Surukan ɗiyata kuwa na zaune suna kallo. Wata ta ce, “Hajiya, ko a kawo maki wata tukunyar?” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nan Goggo ta faɗo mani a rai, yayar babanmu da ta raine ni a Mabai. Ita sai ta sauke tukunya tukuna, ta ɗiga kanwar kaɗan-kaɗan, ta kara kunne. Hannunta mai warin daddawa na riƙe da nawa, tana cewa, “Ji faɗansu, 'yar nan. Tsami da kanwa kashe juna suke, bari su gama kafin ki ƙara.”

Tukunya ta biyu sauke ta na yi, ina ɗigawa, ban iya ɗaga kai ba.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya sanyaya makwancinta, ni kuma Ya rufa mani asiri gaban surukai.