Wayar Hajiya Mai Ƙanƙara

Har yanzu idan aka tada inji kusa da ni, sai na janye hannuna daga duk abin da nake riƙe da shi, ko da ludayi ne. Babur ɗin kabu-kabu a bakin tasha, injin niƙan da ke bayan gidanmu, duk ɗaya suke a wurin jikina, ba ya tsayawa tambaya. Shekaranjiya haka na saki kwanon fura a tsakar gida. Inna ta dube ni, ta dubi furar.

Bayan na gama kolej na yi makarantar sana'a a Damagaram, na koyi aikin lantarki. Da na dawo Matameye, wani ɗan kwangila mai gyaran layukan wuta ya ɗauke ni koyon aiki cikin mutanensa. Ni kaɗai ce mace. Babbanmu a wurin aiki dattijo ne mai furfura a gemu, Shef muke ce masa. Tun ranar farko ya gaya min gaskiya: duk wanda ba ya hawa poto, turken nan da ke ɗauke da wayoyi, ba zai tura shi ƙarin karatu ba, ma'ajiya zai zauna yana naɗe waya. Ni kuwa karatun nake so. Ina so wata rana in zama mai zana inda layi zai bi daga nan har Kurni, ba mai riƙe tsani kawai ba.

Inna ta yarda da aikin bisa sharaɗi guda. "Ranar da wutar nan ta taɓa ki," in ji ta, "ranar kin gama. Ban haife ki don a sauko min da ke a ƙone ba."

Mazan ba su taɓa wulaƙanta ni ba, gaskiya. Sai dai in rana ta take suka zauna a inuwa suka sa hannu a kwano ɗaya, ni a gaban mota nake cin nawa, ina jin dariyarsu, ba na jin abin da ya kawo ta. Ƙawayena na kolej kuma wasu sun yi aure, wasu suna Yamai. In na fara ba su labarin aiki sai su ce, "Ke dai namiji ce," su koma hirarsu.

Ƙarshen bazara abin ya faru, ran kasuwa. Iska ta sassauta wata waya a unguwar da ke bayan kasuwar. Muka kashe wutar unguwar daga tushe, Shef ya garƙame akwatin wutar da kwaɗo, ya jefa makulli a aljihunsa. Na hau. Na gwada wayoyin ɗaya bayan ɗaya da abin gwaji, babu wuta ko kaɗan, na leƙa ƙasa na ce musu layi ya mutu. Akwai igiyar ƙarfe da ake haɗa layi da ƙasa da ita don kariya, amma a ƙaramin gyara irin wannan ba a saba ɗaukota daga mota ba. Makulli na aljihun Shef, me ya rage?

Zufa ta jiƙa rigata sharkaf. Ina cikin ɗaure wayar na ji an ja inji can cikin gidaje, ya yi tari, aka sake ja, ya kama. Ban kawo komai a raina ba. Garinmu ne, in aka ɗauke wuta kowa da dabararsa. Sai na miƙa hannu, wayar ta shafe ni sama da inda safar hannu ta ƙare.

Ba zafi na fara ji ba. Kamar wani ƙato ne ya kama ni ta cikin ƙashi ya jijjiga. Haƙorana suka datse harshena, ƙafafuna suka zame daga tsani, ɗamarar aiki ta riƙe ni, na yi ta reto a jikin poto kamar guga a bakin rijiya. Zamewar nan ce ta raba ni da wayar. Da ban zame ba, da ba ni ke ba da labarin nan ba.

Suka sauko da ni. Shef yana ta salati, ya fito da makulli yana kallonsa a tafin hannu kamar makullin ya ci amanarsa. Direbanmu, wanda bakinsa ba ya hutawa da barkwanci, ya ce, "Madam, kin gaisa da mutanen can? Ya kika baro su?" Ba wanda ya yi dariya.

Shef ya kasa kunne. "Gurub ne," in ji shi. "Wani ya haɗa injin wutarsa da wayar gida, ta biyo layi ta hau poto." Ya dubi ƙofofin gidajen. Duk gidajen matan aure ne, masu gidan suna kasuwa, namiji kuwa ba ya wuce zaure. Shekara da shekaru suna aiki a unguwar nan, iyakarsu bangon waje. Abin da ke ciki ba su taɓa gani ba. Sai ya juyo gare ni, ya kasa haɗa ido da ni.

"Ɗiyata, za ki iya tafiya?"

Na bi ƙarar injin har ƙofar wani gida. Na yi sallama na shiga. Ashe gidan Hajiya ne mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, na san ta, a wurinta muke saye da azumi. Ga gurub ɗin a gindin bango yana hayaƙi, ga wata baƙar waya mai kai biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a cuse a ramin wutar ɗaki. Firigon da take daskarar da ƙanƙara a ciki na ta gurnani.

"A'a, 'yar wuta! Ku ne kuka ɗauke? Ran kasuwa guda, don Allah! Shigo ki sha ruwa, kin yi zufa kamar wadda ta yi dakan biki."

Na ce, "Hajiya, kashe inji."

"In kashe? In kaya suka narke ke za ki shanye zoɓon?"

Na naɗe hannun riga na nuna mata. Wurin ya yi fari, gefensa ja, kamar an ɗora cokali mai zafi. Na ce, "Ina saman poton ƙofar gidanki lokacin da kika ja."

Ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta je ta kashe injin da kanta, ta dawo ta zauna a kan turmi.

"Wallahi ɗiyata, ni dai na san wuta tana shigowa gida. Ban san tana fita ba."

Ta ce wani mai gyaran rediyo ne ya haɗa mata wayar, kuma mata da yawa a layin suna da irinta. Ta kama hannuna tana hura wurin kamar na jariri. Ban da ma'aikaciyar likitan da ta duba shi daga baya, har yau ita kaɗai ce ta taɓa shi.

A gida na koma yin alwala a bayan ɗaki. Amma uwa ba a ɓoye mata hannu. Ran nan ina shanya, riga ta zame.

"Me ya same ki?"

"Salansar kabu-kabu ce, Inna."

"Salansa a hannu? Da kai kika hau babur ɗin?"

Na ja hannun riga na ci gaba da shanya. Washegari na tarar da ɗan gwangwanin man kaɗe a bakin ƙofar ɗakina. Ba ta sake tambaya ba. In ta tambaya zan faɗa, in na faɗa kuma sai ta cika maganarta, mu biyun duk mun san haka.

A wurin aiki Shef ya bar ni a ƙasa ina riƙe tsani, ina miƙa kaya. Tsoron kuwa ba ni da inda zan sauke shi. In na gaya wa mazan, za su tausaya min, tausayin nan ne zai kai ni ma'ajiya. In na gaya wa Inna, shi ke nan. Na riƙa yawo da shi kamar tsakuwa a takalmi. Har wata safiya Shef ya ce a hankali, yana duba tayar mota, "Ba korarki nake ba, ɗiyata. Amma ma'ajiya na neman mutum."

A makon ne aka sake kiranmu unguwar bayan kasuwa. Da aka jingina tsani na ce ni zan hau, amma a jira ni tukuna. Na shiga gida gida ina sallama, ina karɓar baƙaƙen wayoyin nan masu kai biyu. Wata ta ce, "Yau kuma ƙwace kuka koma?" Wata ta ce ba ta da ita, alhali ga ta nan rataye a ƙusa. Hajiya ta miƙo tata ban ma tambaya ba.

"Riƙe. Amma ki yi sauri, ƙanƙarata ba ta san haƙuri ba." Ta ɗaga murya ta saman katanga, "Duk wadda ta ja inji yau, ni da ita!"

Da na fito na tarar Shef ya ɗauko igiyar ƙasa daga mota, ba wanda ya ce masa. Na rataye wayoyin matan a ɗamarata na fara hawa. Ina hawa ina tsayawa, tsanin na ƙara a jikin poto. Direba ne ke riƙe da shi, ya kau da kai yana kallon wasu awaki.

Ina sama, hannuna a kan waya, aka tada babur a bakin kasuwa. Na fizge hannun na rungume poton, kuncina a kan siminti mai zafi. Ban san daɗewar da na yi a haka ba. Na shafa ƙuguna na ji wayoyin suna nan, na leƙa na ga igiyar ƙasa a maƙale. Na saki poton da hannu ɗaya, sannan ɗayan, na ƙarasa ɗaurin.

Da na sauko Shef ya ce, "Gobe garin Dawce za mu, da sassafe. Ki zo da ɗamararki."

Na mayar wa kowace mace wayarta, na gaya musu akwai abin da ake sawa ya hana wutar inji fita gida. Hajiya ta cusa min ƙullin zoɓo mai sanyi a aljihu. Mazan suka zauna a inuwa, na shiga gaban mota na buɗe kwanona. Na kasa riƙe cokalin daidai, yana ta bugun gefen kwanon, sai na ajiye shi na ci da hannu.